Ba Da Aikin Gyaran Gida Ga Ɗan Kwangila, Da Yadda Ake Raba Gardama A Kansa

Bayani domin Hakimai da Malamansu

Kowace shekara, da zarar ruwa ya ɗauke aka kai amfanin gona gida, sai mutane su waiwayi muhallinsu. Wani katangarsa ta zube da damina, wani soronsa na yoyo, wani kuwa yana so ya kwashe rufin ƙasa ya sa kwano, ko ya ƙara ɗaki domin ɗansa zai yi aure. Kafin bazara ta kama sai ƙararraki su fara isowa ƙofar hakimi. Mai gida ya ce ya ba da kuɗinsa an bar masa gida a buɗe, magini kuma ya ce ya yi aiki an hana shi hakkinsa. In aka bincika, galibin waɗannan husuma asalinsu ɗaya ne, watau an ƙulla magana da baki, babu takarda, babu shaida, kowa ya tafi da abin da ya fahimta.

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malamansu su sami abin da za su gargaɗi jama'a da shi tun ba a fara aiki ba, su kuma san hanyar da za su bi in gardama ta zo gabansu.

YADDA AL'AMARIN YA SAKE

A da gini sana'ar gado ce. Kowane babban gari yana da Sarkin Magina, wanda ya san kowane magini da uban da ya koya masa, har ma akan sami gwanaye irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Mai gida shi ke tanadin ƙasa da azara, magini ya zo ya yi aikinsa a biya shi. In aiki ya ɓaci an san wanda za a kai wa kuka.

Yanzu kuwa gyaran gida ɗaya yakan haɗa birkila da kafinta da mai walda da mai jan wayar lantarki da mai aikin famfo, a kansu kuma ga ɗan kwangila, wanda sau da yawa shi kansa bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Kuɗin da ke shiga hannunsa ya yi yawa, kayan aiki kuma farashinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ikon shari'a shi ma ya sake hannu. A shekarar 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa kawar da tsarin En'e. Saboda haka aikin hakimi a irin wannan gardama sulhu ne. Ba shi da ikon tsare mutum, ko cin sa tara, ko ƙwace kayansa. Amma har yanzu jama'a wurinsa suke fara zuwa, kuma sulhun da ya yi bisa gaskiya yakan hutar da mutane daga shari'ar da za ta ci shekara.

CINIKI IRI UKU NE

Lalle ne tun farko a san irin cinikin da aka ƙulla, domin hukuncin kowanne daban yake.

1. Aikin yini. Mai gida ya sayi kaya, ya ɗauki ma'aikata yana biyansu kowace yamma. A nan shi ne mai kula da aiki, kuma in aka ɓata lokaci asararsa ce.

2. Jinga. Mai gida ya sayi kaya, a yanke wa magini lada guda a kan aikin duka, ko a kan kowane ɗaki. Mai jinga yakan yi sauri, saboda haka abin tsoro a nan shi ne aikin gaggawa da ɓarnar kaya.

3. Kwangila da kaya duka. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗi, shi zai sayi kaya, shi zai biya ma'aikata. Wannan ya fi sauƙi ga mai gida, amma ya fi hatsari, gama duk abin da ɗan kwangila ya rage daga siminti ko katako ribarsa ce.

ZAƁEN WANDA ZA A BA AIKI

Gani ya kori ji. Kada mai gida ya dogara da daɗin baki ko hoton gini. Ya je da ƙafarsa ya ga aiki biyu ko uku da mutumin ya yi, musamman wanda damina ta riga ta bi ta kansa, ya kuma tambayi masu gidajen a bayan idonsa ko ya gama a kan lokaci, ko ya nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki. Ya san unguwarsa da mai unguwarsa. In baƙo ne, a nemi wani sananne ya tsaya masa, a rubuta sunansa.

In ya ce yana da kamfani, ana iya bincika rajistarsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda aka kafa a 1990. Amma a sani, rajista shaida ce ta cewa kamfanin yana nan, ba ta nuna gwanintar aiki. In gyaran ya shafi ɗora bene, ko zuba rufin kankare, ko cire bangon da ke ɗauke da nauyi, tilas ne a nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ko magini mai rajista da CORBON, wadda aka kafa a 1989. Tushen da aka haƙa domin ɗaki ɗaya na ƙasa ba zai ɗauki bene ba don kawai mai gida ya sami kuɗi, kuma rayukan iyali ne a ƙarƙashinsa.

Ya kamata a nemi ƙiyasi a rubuce daga mutum biyu ko uku, kowanne ya raba kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. Wanda kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran a tuhume shi, domin araha ba ta ado. Ko dai bai fahimci aikin ba, ko kuwa ya yi niyyar ya fara ya tsaya ya nemi ƙari sa'ad da rufi ke kwance.

ABUBUWAN DA ZA A TABBATAR KAFIN A SA HANNU

Na farko, gidan na wane ne? In gidan gado ne da ba a raba ba, sai magada sun yarda a rubuce, in ba haka ba wanda ya kashe kuɗinsa zai zo ran rabo yana neman a fitar masa da su, sauran su ce ba su sa shi ba. In ɗan haya ne ke son gyara, ya sami yardar mai gida a rubuce, a faɗi ko za a cire kuɗin daga haya.

Na biyu, izinin hukuma. Yaɓe da fenti da sauya kwanon da ya ruɓe abu ne mai sauƙi, amma ƙarin gini, ko bene, ko mai da ɗaki shago a bakin titi, yana bukatar izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. A rubuta wanda zai nemo izinin da wanda zai biya.

Na uku, maƙwabta. A kira maƙwabci da mai unguwa a duba iyaka tun ba a haƙa tushe ba. A daidaita maganar katangar da aka haɗa, da inda indararo zai zubar da ruwa, da tagar da za ta leƙa tsakar gidan wani. Sauya wurin taga a takarda ba ya cin ko kwabo, amma bayan an ɗora linta sai an fasa bango.

TAKARDAR YARJEJENIYA

Nan ne aikin malamin hakimi ya fi amfani. Shari'ar Musulunci ta shar'anta a ɗaukar ma'aikaci cewa aikin ya zama sananne, ladan ma sananne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka kada kowa ya ɗauki neman takarda a kan rashin yarda. Takardar ta ƙunshi waɗannan:

1. Sunan mai gida da na ɗan kwangila, da unguwarsu, da inda gidan yake.

2. Aikin, ɗaki bayan ɗaki, da awonsa. Kada a rubuta "gyaran gida" kurum. A ce, misali, kwance rufin ɗaki biyu na gabas, ƙara bulo jeri uku, sa sabon katako da kwano, yin silin, filasta ciki da waje.

3. Irin kaya. Bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6, kaurin rodi, kaurin kwano da sunan kamfaninsa, irin katako, irin fenti da shafi nawa za a yi.

4. Wanda zai kawo ruwa, da wanda zai yi gadin kaya, da wanda zai kwashe ɓaraguzai, da wanda zai mallaki tsohon kwano da ƙyamare da azarar da aka cire. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne, amma yana haddasa faɗa da yawa.

5. Ranar farawa da ranar gamawa, da abin da za a rage wa ɗan kwangila kowane mako in ya makara ba da uzuri ba.

6. Jimlar kuɗi, da lambobi da kuma kalmomi, da matakan biya.

7. Abin da za a yi in farashin kaya ya tashi.

8. Cewa duk ƙarin aiki ko sauyi sai an rubuta shi da kuɗinsa kafin a yi.

9. Wanda za a kai wa gardama da fari, da gwanin da duka biyu suka yarda ya duba aiki.

A yi kwafe uku, ɗaya ga kowannensu, ɗaya a ajiye a ofishin hakimi. Shaidu biyu adilai su sa hannu. In ɗayansu bai iya karatu ba, dokar kare marasa karatu ta wajabta wa marubucin ya sa sunansa da adireshinsa a takardar, ya bayyana cewa ya karanta masa ita ya fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Malamin da ya manta da wannan ya raunana takardar a gaban kotu.

YADDA ZA A BIYA

Ƙa'ida ita ce kada kuɗi su riga aiki da nisa. Kafin alƙalami ya zama gwargwadon abin da za a sayi kayan farko, sauran kuma a biya su bayan an ga kowane mataki ya kammala. Ga misali, in an yi kwangila a kan Naira 2,000,000:

Kafin alƙalami, N400,000.
Bango ya kai linta, N600,000.
An gama rufi, N600,000.
An gama filasta da daɓe da fenti, N300,000.
Abin da za a riƙe, N100,000.

Wannan na ƙarshe, watau kashi 5 cikin 100, al'ada ce da aka saba da ita a manyan kwangiloli, inda akan riƙe wani abu har wata 6 domin a ga ko aibi zai fito. A ƙasarmu abin da ya fi dacewa shi ne a riƙe shi har damina ta gwada rufin, gama a watan Janairu kowane rufi lafiyayye ne. Kowane biya a karɓi rasit, ko a tura ta banki domin shaida ta zauna. Kada a ba yaron ɗan kwangila kuɗi sai da izininsa a rubuce.

DUBA AIKI YANA TAFIYA

Yawancin ha'inci a wurin da za a rufe ake yin sa, saboda haka a duba tushe kafin a cike, a ƙirga rodi kafin a zuba kankare, a ga katako kafin a buga kwano, a ga waya da bututu kafin filasta. Buhun siminti kilo 50 ne, kimanin kwanon sarki biyu. Haɗin kankare da aka saba da shi a ginin gida shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Yana bukatar ban ruwa kwana 7 a ƙalla, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ƙarfinsa ya cika. Da hunturu da bazara iska da zafi sukan busar da shi da wuri ya tsattsage, don haka mai rowar ruwa ya ɓata siminti. Bulon da ya marmashe in an murza shi da yatsa an cika masa yashi.

Ginin ƙasa shi ma yana da ƙa'idojinsa. Tubali sai ya bushe sarai, bango kuma a hankali ake ɗaga shi, ana barin kowane ɗori ya sha iska. Azarar giginya tana daɗewa, gara ba ta samun ta da sauƙi, amma ba a shimfiɗa ta ta wuce kimanin ƙafa 6 ba tare da tallafi ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, su ne ke kare bango da rufi daga ruwa. A yi hattara da shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa, domin ba sa kama juna sosai. Filastar takan ɓamɓare, ruwa ya shiga bayanta yana cin bango ba a sani ba.

IN GARDAMA TA ZO GABAN HAKIMI

Da fari a saurari kowanne shi kaɗai a gaban abokin husumarsa, malami yana rubutawa, a karanta masa abin da ya faɗa. A nemi takarda da rasit da shaidu. Ƙa'idar shari'a sananniya ce, mai da'awa shi ke kawo hujja.

Sa'an nan a je gidan. Ba a raba gardamar gini daga zaure. Hakimi ya tura wakilinsa tare da mai unguwa da gwani, Sarkin Magina in ginin ƙasa ne, injiniya ko ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma in na siminti ne. Gwanin kada ya zama ɗan'uwan ɗayansu, kada kuma ya zama mai neman a ba shi ragowar aikin. A auna abin da aka yi, a ƙirga kayan da suka rage, a ɗauki hoto. A hana mai gida sa wani ya ci gaba da aikin kafin a gama awo, in ba haka ba shaida ta ɓace.

Bayan haka sai lissafi. A ce an biya N1,000,000, gwani kuwa ya ƙiyasta aikin da aka yi da kayan da ke ƙasa a kan N750,000. To, akwai N250,000 na mai gida a hannun ɗan kwangila, ko ya mayar ko ya yi aikinsu. In kuwa ƙiyasin ya kai N1,150,000, mai gida ne ke da ciko na N150,000, bayan an cire kuɗin gyara abin da aka ɓata.

GARDAMA HUƊU DA AKA FI KAWOWA

An bar aiki. A binciki dalili. In mai gida ne ya kasa biyan matakin da ya cika, ba a ce ɗan kwangila ya gudu ba. In kuwa an biya shi ya kai kuɗin wani aiki, a ba shi wa'adi a rubuce, in ya wuce a yi lissafi a sallame shi.

Aiki bai yi kyau ba. A bambanta aibi da son rai. Rufin da ke yoyo da bangon da ya karkace aibi ne, kuma a fara ba wanda ya yi aikin dama ya gyara da kuɗinsa. Amma in mai gida ne ya sayo kaya marasa ƙarfi, magini ya gargaɗe shi a gaban shaidu bai ji ba, laifin ya koma kansa.

Ƙarin aiki da tsadar kaya. Sau da yawa uwargida ko babban ɗa ya ce a ƙara kaza, ba a yi maganar kuɗi ba. In mai gida ya gani ya yi shiru har aka gama, adalci shi ne ya biya ladan da aka saba biya a kan irinsa. Game da tsada, a farkon 2024 farashin siminti ya yi tashin gaske cikin 'yan makonni, kwangiloli da yawa suka tsaya. In an yanke kuɗi guda ba a yi sharaɗi ba, asalin magana ɗan kwangila ne ya ɗauki nauyin tashin farashi, kamar yadda zai ci ribar saukarsa. Duk da haka, in jinkirin biya daga mai gida ne ya jawo tsadar ta riski aikin, ya kamata ya ɗauki rabonsa. Wanda aka ba kuɗin kaya tuntuni bai saya ba, ba shi da abin cewa.

Ɓacewar kaya. Malaman Malikiyya sun bambanta hali biyu. Abin da mai sana'a ya tafi da shi shagonsa, kamar ƙofar da aka ba kafinta ko mai walda, yana wuyansa in ya ɓace, sai fa in ya kawo shaida cewa ya halaka ba da laifinsa ba. Abin da ake aikinsa a cikin gidan mai shi kuwa, ba a ɗora wa ma'aikaci sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya wuce iyaka.

In an daidaita, a rubuta sulhun, a faɗi adadin kuɗi da ranar biya da ranar gama aiki, kowa ya sa hannu gaban shaidu, a shigar da shi littafin ofis.

IN SULHU YA ƘI

Hakimi ya sallame su da mutunci, ya nuna musu ƙofar kotu, kada ya matsa wa mai rauni ya karɓi abin da bai yarda da shi ba. Musulmi suna iya zuwa kotun shari'ar Musulunci a jihohin da ke da ita, ko kotun yanki. Akwai kuma kotun majistare da Babbar Kotu, gwargwadon yawan kuɗin. A Kano an buɗe zauren sasanci na Babbar Kotu a 2009, da kotun ƙananan basussuka a 2019, domin a gaggauta irin waɗannan ƙararraki. Kada a yi ta jan lokaci, gama doka ta yanke wa'adin shigar da ƙara, shaidu kuma sukan watse.

A gargaɗi jama'a game da kai juna caji ofis. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kurum. Sai in akwai zamba ko cin amana, kamar wanda ya karɓi kuɗi da sunan ƙarya, ko ya kwashe simintin mai gida ya sayar, waɗannan laifuffuka ne a dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960. Haka kuma kada mai gida ya riƙe kayan aikin magini, kada magini ya rushe abin da ya gina ko ya ɓalle ƙofofi domin fushi. Mai yin haka ya mai da gaskiyarsa laifi.

A ƙarshe, a tuna da leburori. Sau da yawa manya biyu na jayayya, mai ɗaukar yashi da mai ɗiban ruwa suna zaune ba a biya su kwana goma ba. Hakimi ya fara tambayar hakkinsu, a fitar da shi kafin sauran lissafi.

Ana roƙon hakimai su sa dagatai da masu unguwanni su bayyana wa jama'a abin da ke cikin wannan littafi tun farkon kaka, malamai kuma su tanadi samfurin takardar yarjejeniya a ofis domin duk mai bukata. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.